Tururin Wayar Salula da Saurin Mantuwa: Jagora ga Mazauna Zangon Accra

Ana yawan jin magidanta, 'yan kasuwa da ɗalibai a Nima, Maamobi da Sabon Zango suna kukan cewa tun da wayar salula ta zama abokiyar yini da kwana, kansu ya daina riƙe abu. A karanta wa mutum lamba, kafin ya lalubo biro ta ɓace masa, ko a aiki yaro kasuwa da saƙo huɗu ya dawo da uku. Da yawa sun ɗora laifin a kan tururin da waya ke fitarwa, wato igiyoyin rediyo, idan an kara ta a kunne. Abin da bincike ya nuna zuwa yanzu shi ne, babu tabbatacciyar hujja cewa wannan tururi yana rage ƙarfin riƙon ɗan lokaci, amma waya tana da wasu hanyoyi biyu na jawo mantuwa waɗanda hujjarsu ta fi ƙarfi, wato raba hankali da cinye barci. Matakan da ke tafe za su taimaki mai karatu ya gane wanne ne ya shafe shi, ya rage tururin ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, ya kuma san lokacin da ya kamata a bar zancen waya a nufi asibiti.

Mataki na farko: tantance irin mantuwar da ke damunka

Riƙon ɗan lokaci shi ne abin da mai rumfar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, yake aiki da shi duk yini. Ka faɗa masa lamba mai alƙaluma goma, sai ya karkasa ta gida uku, ya ware 024 ko 055 na farko wanda ya riga ya saba da shi, ya riƙe ukun tsakiya da huɗun ƙarshe yana maimaitawa a leɓe har ya gama dannawa. Idan wani ya sa baki a daidai lokacin yana tambayar ko akwai canji, dole ya ce maka, "Alhaji, a maimaita mini huɗun ƙarshe." Wannan ba ciwo ba ne, haka ma'ajiyar take tun asali. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller na Amurka ya ƙiyasta cewa tana ɗaukar abu bakwai, ƙari ko ragin biyu, sannan a 2001 Nelson Cowan ya kawo hujjar cewa idan aka hana mutum karkasawa da maimaitawa, abin da take ɗauka bai wuce kimanin huɗu ba. Game da daɗewa kuwa, Lloyd da Margaret Peterson sun nuna a 1959 cewa idan aka ba mutum haruffa uku aka shagaltar da shi da ƙirge, cikin daƙiƙa 18 mafi yawansu sun zube.

Saboda haka, fara da rubuta misalai biyar na mantuwar da ta same ka a kwanan nan, ka tambayi kanka a kan kowanne: me nake yi a lokacin da aka faɗa mini abin? Idan amsar ita ce kana duba saƙo, ko kana tsallaka titin Circle, ko kana sauraron kwandastan trotro, to abin bai shiga ba tun farko, balle a ce ya fita. Mantuwar sunan ɗan uwa na kusa, ko hanyar gida, ko yawan raka'o'in sallar da aka saba, wani babi ne dabam, kuma mai irin wannan ya tsallake kai tsaye zuwa mataki na ƙarshe.

Mataki na biyu: san abin da waya ke fitarwa

Waya tana magana da turken sadarwa ta igiyoyin rediyo, dangin waɗanda gidajen rediyo da talabijin ke amfani da su, sai dai saurin kaɗawarsu, wanda ake aunawa da megahaz, ya fi yawa. Tsarin 2G yana aiki a megahaz 900 da 1800, 3G kuma yawanci a 2100. Waɗannan igiyoyi ba su da ƙarfin tsinka sinadaran ƙwayoyin halitta kamar yadda hasken na'urar hoton ƙashi ke iya yi, kuma tasirin da aka tabbatar suna yi wa jiki shi ne ɗumama nama. A ƙarfin da waya ke aiki, ɗumin da ke isa ƙwaƙwalwa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na digiri ɗaya ba, abin da bai kai canjin da jiki ke yi da kansa tsakanin safe da yamma ba. Zafin da ake ji a kunci bayan doguwar hira yawancinsa daga batir ne da kayan cikin wayar, da kuma toshe fata daga iska.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe a nan domin sauran matakai a kansa suka dogara: waya ba ta fitar da ƙarfi iri ɗaya a kowane lokaci. Idan sabis ya cika takan sassauta, idan ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfi domin ta kai ga turke, kamar mai kiran wanda ke tsallaken kasuwa.

Mataki na uku: auna hujjar kafin ka yarda da saƙon da aka tura maka

A nan ne ake yawan ruɗewa, domin kowane ɓangare yana da binciken da zai ɗaga. A 1999 wasu masana a Bristol ta Ingila, sannan a 2000 wasu a Turku ta ƙasar Finland, sun kara wa mutane waya suna ba su aikin tunani da riƙo, sai suka ga wani ɗan bambanci. Abin mamakin shi ne, bambancin bai nuna lalacewa ba: mutanen sun ɗan fi saurin amsawa ne a lokacin da wayar ke kunne. Da masanan Finland suka sake gwajin bayan 'yan shekaru, suka tsaurara shi ta yadda mai gwaji da wanda ake gwadawa duka ba su san ko na'urar tana aiki ko a kashe take ba, sai bambancin ya ɓace. Haka aka yi da gwajin ɓeraye na Henry Lai a Jami'ar Washington a 1994, wanda ya ba da rahoton cewa ɓerayen sun riƙa kuskuren hanya bayan an haska musu igiyoyin. Wasu ɗakunan bincike sun maimaita a 2004 ba su ga hakan ba.

A 2011 Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun ɗaura wa mutum 47 waya a kunne na minti 50, suka ga ɓangaren ƙwaƙwalwa mafi kusa da eriya ya ƙara cin sukari da kimanin kashi 7 cikin ɗari. Ana yawan yaɗa wannan sakamako a matsayin hujjar cutarwa, alhali binciken bai gwada riƙo ba sam, kuma masu shi sun ce ba a san ma'anar wannan ƙari ga lafiya ba. A shekarar ce kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji amma hujjar ba ta kai ba. Wannan hukunci a kan ciwon daji yake, bai shafi mantuwa ba, kuma haɗa su biyun a saƙon WhatsApp guda rashin adalci ne ga mai karatu.

Binciken da a ganina ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na cibiyar lafiyar al'umma da ke Basel a Suwizalan, ƙarƙashin Martin Röösli, wanda aka buga a 2018. Sun bi matasa kusan 700 masu shekara 12 zuwa 17 har tsawon shekara guda, suka ƙiyasta yawan tururin da ya shiga kan kowannensu, suka tarar waɗanda suka fi samunsa sun ɗan ja baya wajen tuna siffofi da zane. Abin ya fi bayyana ga masu kara waya a kunnen dama, kuma tuna siffofi ya fi dogara ga ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, wanda shi ya sa ba a yi watsi da sakamakon ba. Tura saƙo, wasa da shiga intanet, waɗanda ba sa kai tururi mai yawa ga kai, ba su nuna wannan alaƙa ba. To amma bin diddigi ne aka yi, ba gwaji ba, ƙiyasin ya dogara a wani ɓangare ga abin da yaran suka faɗa da bakinsu, kuma masanan da kansu sun ce wasu dalilai kamar balaga suna iya shiga tsakani, domin balaga tana canja tunani da yawan kiran waya a lokaci guda.

A 2024 aka buga manyan nazarce-nazarcen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyi, waɗanda suka tattara ayyukan shekaru masu yawa. Wanda ya duba gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ya kammala da cewa kara waya na ɗan lokaci ba ya rage ƙarfin tunani, har da riƙo. Wanda ya duba amfani na tsawon shekaru kuwa ya tarar binciken da ake da su kaɗan ne kuma hujjarsu ba ta da ƙarfi ta kowane ɓangare. Matsayi mai ma'ana ke nan: babba ba shi da dalilin firgita, yaro mai tasowa kuma ya cancanci a yi masa taka-tsantsan mai sauƙi tunda ba ya cin kuɗi.

Daga yanzu, duk saƙon da ya zo maka a kan wannan batu, yi masa tambaya uku. A kan mutane aka yi ko a kan dabbobi? Waɗanda aka gwada sun san lokacin da wayar ke kunne? Akwai wasu masana dabam da suka maimaita suka ga abin? Saƙon da bai ambaci jami'a ko shekara ba, bai ma kai a yi masa tambayoyin ba.

Mataki na huɗu: duba ma'aunin wayarka

Kowace waya ta ƙwarai tana da alƙalamin da ake kira SAR, wanda ke nuna iyakar ƙarfin da nama ke tsotsa idan wayar tana aiki da dukkan ƙarfinta. A Amurka iyakar ita ce wat 1.6 a kowane kilo, a Turai kuma wat 2 a kowane kilo. Iyakar Turai tana bin ƙa'idar 1998 ta ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara kariya daga irin wannan tururi, wadda aka sabunta a 2020. A wayoyin Android da yawa, danna *#07# yana fito da wannan alƙalami, a iPhone kuma ana samun bayanin a cikin saitin waya, sashen bayanan doka. Idan bai fito ba, a duba takardar cikin kwali ko shafin kamfanin.

Kada a wahalar da kai wajen neman wayar da ta fi kowace ƙarancin SAR, domin alƙalamin na yanayi mafi tsanani ne, kuma a yawancin yini waya ba ta kusantarsa. Amfaninsa na gaskiya yana wajen saye. Wanda ya je Tip Toe Lane a Circle, ya danna *#06# ya ga ko lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta dace da ta jikin kwali, ya kuma nemi bayanin SAR. Wayar jabu ba ta bi ta ɗakin gwajin kowa ba, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, tana da tsarin amincewa da nau'in na'ura kafin a shigo da ita kasuwar Ghana saboda irin wannan dalili.

Mataki na biyar: nisanta waya daga kai

Ƙarfin igiyoyin yana raguwa da sauri da zarar an ba da tazara, har taki ɗaya ma yana yin babban bambanci. Saboda haka maganin da ya fi kowane sauƙi shi ne sa waya a sifika idan kana inda sirri ba zai fita ba, ko amfani da iyafis mai igiya. Iyafis na Bluetooth shi ma yana fitar da igiyoyin rediyo, amma ƙarfinsa ƙanƙani ne ƙwarai idan aka kwatanta da na wayar kanta. Saƙon murya da mutanenmu suka fi so yana da wannan fa'ida, muddin an saurare shi a hannu ba a manne da kunne ba.

Sai a lura da sandunan sabis. Ɗakin da ke can ƙuryar gidan haya, mai rufin kwano da bango kusa da bango kamar yadda gidajen Nima da yawa suke, yakan bar waya da sanda ɗaya ko biyu, kuma a nan ne take fitar da mafi yawan ƙarfinta. Doguwar hira da 'yan uwa na Kumasi, Tamale ko Kano ta fi kyau a tsakar gida ko kusa da taga. Haka abin yake a cikin mota mai gudu a hanyar da turaku suka yi nisa da juna, inda waya ke ta sauya turke.

Akwai wani kuskure da masu kyakkyawar niyya ke yi, wato komawa ga ƙaramar waya mai madannai, wadda mutanen Accra ke kira yam, da tunanin ta fi aminci. Da yawa daga cikin irinta a 2G kaɗai suke aiki, kuma 2G ya fi 3G da 4G fitar da ƙarfi a lokacin kira nesa ba kusa ba, domin sababbin tsare-tsaren sun fi iya sassauta ƙarfinsu. Ƙaramar waya tana da amfaninta wajen rage shagala, wanda shi ne ma babban amfani, amma idan tururi ne damuwar, sai a haɗa ta da iyafis.

Kada a sayi sitika ko ɗan ƙarfen da ake mannawa a bayan waya da sunan tare tururi. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gurfanar da masu sayar da irinsu tun 2002, ta kuma gargaɗi jama'a cewa suna iya tare sabis har wayar ta ƙara ƙarfi. Batun turken da ke kan rufin maƙwabci kuwa, abin da ke isa ga mutum daga gare shi ya yi ƙasa ƙwarai da abin da wayar da ke manne da kunnensa ke ba shi, kuma kusancin turke yana sa wayar ta sassauta. Unguwar da ke da shakku tana iya kai ƙorafi ga NCA, sannan cibiyar kariya daga tururi ta Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana da ke Kwabenya tana yin irin wannan awo.

Ga yara da matasa, ƙa'idar gida ta isa: doguwar hira a sifika ko iyafis, waya kuma ba ta kwana a ƙarƙashin matashin kai.

Mataki na shida: gwada shagala da barci a gida na mako biyu

A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Austin da abokan aikinsa sun gwada mutum kusan 800, wasu wayarsu tana kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki. Waɗanda wayarsu ke wani ɗaki sun fi kowa ƙoƙari a gwajin riƙo, kuma kashe wayar da ke kan tebur bai kawo sauyi ba. Wayar da aka kashe ba ta fitar da komai, don haka abin da ya rage riƙon ba tururi ba ne, hankalin da ke leƙen wayar ne. Ba duk waɗanda suka maimaita wannan gwaji ne suka ga haka ba, shi ya sa ya fi kyau mutum ya gwada a kansa.

Nemi wani a gida ya rubuta jerin alƙaluma barkatai, ya karanta maka su ɗaya bayan ɗaya, kowane a daƙiƙa guda, kai kuma ka maimaita. A fara da huɗu, a riƙa ƙara ɗaya har ka kasa sau biyu a jere, a rubuta inda ka tsaya. Sai a sake da sabon jeri, wannan karon ka maimaita daga ƙarshe zuwa farko. A yi shi a lokaci guda kullum, misali bayan sallar isha'i, kuma a harshe guda, domin wanda ya saba faɗar lambar waya da Turanci zai samu sakamako dabam idan aka koma masa Hausa ko Tuwi a tsakiyar gwaji. A makon farko kada ka canja komai, ka dai rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da ka tashi, da inda wayar take a lokacin gwajin. A mako na biyu, kashe ƙarar sanarwar WhatsApp, Facebook da TikTok, ka bar waya a caji a wani ɗaki sa'a guda kafin kwanciya, a kuma yi gwajin tana can.

Ka sani cewa sabo kaɗai zai ɗan ɗaga sakamakon, saboda haka kada ka dubi alƙaluman su kaɗai. Dubi ko kuskuren canji a shago ya ragu, ko aiken da ake mantawa ya ragu. Babba yana buƙatar barcin sa'a bakwai ko fiye, matashi kuma takwas zuwa goma, kuma wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare saboda garaɓasar data sannan ya tashi asuba bai samu ko biyar ba. A lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da aka koya da rana, shi ya sa ɗalibin hadda a makaranta ko mai shirin jarrabawar BECE da WASSCE yake iya yin tilawa da yamma ya wayi gari ta kwance masa. Iyaye su yi wannan gwaji tare da yaran, ya fi faɗa tasiri, domin yaro yana ganin lambarsa da idonsa.

Mataki na bakwai: san lokacin zuwa asibiti

Idan an gyara barci an rage shagala har wata guda mantuwar ba ta sassauta ba, a je asibitin unguwa kamar na Maamobi, a bayyana wa likita misalan da aka rubuta a mataki na farko. Ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon sukari, hawan jini da ciwon damuwa duka suna rage riƙo, kuma yawancinsu ana gano su da awon jini da 'yan tambayoyi. A tafi da duk magungunan da ake sha a cikin leda, har da na gargajiya da wanda aka saya a kyamis ba da takardar likita ba, domin maganin mura mai sa barci da maganin barci suna dusashe tunani. Tramadol, kodin, wiwi da giya sun fi su muni, kuma ɓoye wa likita wannan ɓata lokacin kowa ne.

Dattijon da ke maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ko ya ɓace a layin da ya shekara yana bi, yana buƙatar a raka shi da wanda ke zaune tare da shi, domin shi ne zai iya faɗin lokacin da abin ya fara, kuma likita na iya tura su asibitin koyarwa na Korle Bu. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa, musamman tare da karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, zazzaɓi mai zafi, ko bayan buguwa a kai, ba ta jiran wayewar gari: a kira 112 ko a ɗauki mota nan take zuwa sashen gaggawa mafi kusa, a kuma riƙe lokacin da alamar ta fara domin likita zai tambaya.